Mun Je Fagge Ceton Maƙalar Wankin Hula

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Katsina ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da ɗalibai shida a bas ɗin haya, gari ya yi luf da hadari. Masu bibiyata sun san ni ma'aikaciyar laburare ce, kuma a gefe ina taimaka wa ɗaliban jami'a da malamansu ke ba su aikin rubuta maƙala a kundin ilimin nan na intanet wanda kowa ke iya shiga ya gyara. Ba ni ke ba da maki ba. Nawa shi ne in nuna musu yadda ake aikin, in kuma sha fargaba idan abu ya cakuɗe. Wannan karon kuwa na sha ta har na ƙoshi.

Ga abin da ya fito da mu. Ɗaya daga cikin ɗaliban, 'yar Fagge da ke ajin ƙarshe, ta rubuta maƙala a kan sana'ar wankin hula. Rubutu ne mai daɗi, amma duk abin da ke ciki daga bakin kakanta ta ji shi, shi kuwa kundin ba ya karɓar "an ce". Sai ka kawo madogara, wato littafi ko jarida ko mujalla da aka buga, wadda wani zai iya dubawa. Wani edita ya manna wa maƙalar jan tambari cewa za a goge ta, aka buɗe shafin tattaunawa, aka ce ranar Lahadi za a yanke hukunci. Lakcaransu kuma ya riga ya faɗa: duk wanda maƙalarsa ba ta da rai safiyar Litinin ba shi da maki, kuma gyaran da ɗalibi ya yi da sunansa kaɗai yake dubawa. Karo na biyu ke nan tana kwas ɗin. In ta sake faɗuwa, 'yan ajinsu su tafi bautar ƙasa, ita ta zauna ƙarin shekara. Mun birkice laburarenmu ba mu sami ko layi ɗaya a kan wankin hula ba, shi ne na ce mu je Kano mu gwada masu sayar da tsofaffin littattafai. Sauran biyar ɗin rakiya suka yi mata, da niyyar su ɗauko hotunan da za su sa a nasu maƙalun.

Hanya ba laifi, direban ne dai ba ya son ganin mota a gabansa. A Kankiya muka tsaya muka sayi ƙosai da kunu, ƙosan ya ƙanƙance kamar yana jin kunya, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Muna komawa mota shugaban ajin, wani dogo mai son a ce shi ya gyara, ya roƙi in kunna musu 'yar na'urar intanet da nake yawo da ita a jaka, wai datarsu ta ƙare. Na kunna, na ba su lambar sirri, na mayar da idona kan titi ina salati duk lokacin da direba ya fita layin tirela. Na ji suna ƙus-ƙus a baya suna dariya ƙasa-ƙasa, na ɗauka hirar samartaka ce. Mai maƙalar tana kusa da ni, ta jingina kai da gilashi, ba ta ko taɓa ƙosanta ba.

Mun wuce Bichi, mun wuce Dawanau da warin barkononta da ya sa duk motar atishawa, muna shiga cunkoson Rijiyar Lemo sai shugaban aji ya miƙo mini wayarsa daga baya. An toshe asusunsa na kundin. Na duba ta na kusa da shi, haka. Na karɓi ta mai maƙalar, ita ma an toshe ta.

Ashe gayya suka yi mata. Yadda ake taruwa a nome wa mutum gona, haka suka taru suka shiga shafin tattaunawar ɗaya bayan ɗaya, kowa ya manna jimla iri ɗaya da shugaban aji ya rubuta musu: kada a goge, maƙala ce mai amfani, Allah ya saka da alheri. Ko waƙafi ba su canza ba. Kuma duka daga na'urata guda. A idon mai kula da shafin, mutum ɗaya ne ya buɗe asusu da yawa yana goya wa kansa baya, kuma wa za a fara zargi in ba mai maƙalar ba? Ita da ba ta ma san an yi ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: ko mun sami madogarar yanzu, ba ta da hannun da za ta saka ta.

Na juya zan yi faɗa, shugaban aji ya ce a sanyaye, "Malama, mun ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ne." Na ce masa to ga jinkar nan ta faɗo mana a kai, sai ya zo ya ɗaga. Ban ƙara ba, don na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma na san ba mugunta ta sa su ba. A cikin cunkoson nan, tsakanin hon ɗin 'yan adaidaita sahu da masu tallar ruwan leda, na rubuta wa mai kula da shafin saƙo. Ban taɓa ganinsa ba, ban san garin da yake ba, ɗan sa kai ne irina. Na bayyana masa ɗalibai ne, na nuna masa shafin ajin da sunayensu ke jere tun farkon zango, na ba shi haƙuri. Shiru.

Muka sauka a Fagge, muka kutsa wani lungu a bayan layukan 'yan atamfa na Kantin Kwari, inda masu dako ke wucewa da dila a ka suna kiran a ba su hanya. Can muka tarar da kakan a rumfarsa. Dattijo ne siriri, asalinsu daga wajen Barno, amma Fagge ta cinye shi tun yana saurayi. Huluna ne reras a kan gungumomin itace, sun sha sitaci an jera su a bakin rumfa ana jiran rana, shi kuma yana hararar hadari kamar da shi suke faɗa. Yana ganin jikarsa ya washe baki yana kiran ta amaryarsa, yana tambayar ko ni ce na zo biko. Ya sa aka kawo mana gurasa da ta sha ƙuli da mai. Daɗi kam ta yi, na gani a fuskar yaran, amma ni kowace loma sai na duba waya.

Dattijon akwai baki. Kafin mu gama ci ya gaya mana shi ya fara kawo wankin hula Kano, kuma babu wani babba da ya yi mulki a ƙasar nan da bai wanke wa hula ba. Abokin sana'arsa na gefe ya yi tari, irin tarin nan da ba na mura ba. Duk wannan yana cikin maƙalar, kalma da kalma. Na kalli ɗalibata, ta sunkuyar da kai. Kakan bai san ana shirin goge komai ba. Abin da ya sani shi ne amaryarsa ta sa shi a intanet, kuma ya riga ya gaya wa duk layin. Ta roƙi izininsa ta ɗauki hotonsa yana aiki, ya gyara zama, ya canza hula, ya ce a ɗauka da kyau.

Daga nan muka tari adaidaita sahu biyu zuwa Sabon Gari. Kuɗin da suka faɗa ya sa na tambaya ko har da komawa Katsina. Muna isa ruwa ya tsuge. Masu tsofaffin littattafai na bakin kasuwa suka ja leda suka rufe kayansu, muka rakuɓe a wata baranda, ina kallon lokaci yana tafiya, saƙona kuma ko alamar an buɗe shi babu. A nan ne tsoro ya kama ni sosai. Na fara tsara abin da zan gaya wa lakcaran, na kuma tsara abin da zan gaya wa uwar yarinyar, ko ɗaya bai yi mini daɗin faɗa ba.

Da ruwa ya tsagaita muka bi su rumfa rumfa. Littattafan jarrabawa ne birjik, da na koyon girki, da na wa'azi. Wani ya ce mana wankin hula ai ba a rubuta shi, yi ake yi. Daga ƙarshe aka nuna mana wani Alhaji, Bayarabe haifaffen Sabon Gari, wanda Hausar Kano ta fi zama a bakinsa fiye da nawa. Yana da wani ɗaki a baya cike da tsofaffin mujallu da jaridu da masu tsire ba su kai ga saye ba. Ya ce mu shiga mu duba, amma in ɓera ya ciji mutum ba ruwansa. Na raba wa 'yan gayya tuli tuli, na ce ga gonar da ya kamata su nome tun farko. Allura cikin ruwa ce, mai rabo ka ɗauka. Takardun sun yi laushi da danshi, hannuwanmu suka yi baƙi, bayana ya ƙage.

Shugaban ajin ne ya samo, kuma na ji daɗi da ya zama shi. Wata tsohuwar mujalla ce da ta yi rahoto a kan sana'o'in hannu na Kano, da shafi ɗaya da 'yan kai a kan masu wankin hula na Fagge: yadda ake jiƙawa, a goge, a sa sitaci, a ɗora a gungume. Akwai kwanan wata, akwai lambar shafi. Can kuma wata ɗaliba ta tsinci sakin layi a wani littafin makarantar sakandare. Babu sunan kakan a ko ɗaya. Mujallar ma cewa ta yi sana'ar ta daɗe a unguwar tun kafin zamaninsa.

Muna cin amala a wata bukkar sayar da abinci kusa da wurin, ni dai ina tura ta ne kawai, wayata ta yi ƙara. Mai kula da shafin ne, wai yana wurin ɗaurin aure. Ya ce ya duba shafin ajin ya yarda, zai buɗe musu asusun, da sharaɗin kowa ya koma ya soke abin da ya manna da hannunsa. Ya ƙara da layi ɗaya da na sa shugaban aji ya karanta wa kowa a fili: a nan ba yawan baki ake ƙirgawa ba, madogara ake dubawa.

A kan bencin bukkar ɗalibata ta yi aikin. Duk jimlar da ba mu da takardar da ta tsaya mata, sai ta fita. Na zauna kusa da ita ina nunawa, tana gogewa. Labarin zuwansa daga Barno a bayan motar goro ya tafi. Manyan da ya wanke wa hula suka tafi, wannan kam ban yi kewarsu ba. Sunansa ya tafi. Maƙalar da ta kai shafuka ta dawo sakin layi uku da hoto ɗaya. Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma kalle ni ba.

Bayan la'asar muka koma Fagge yin sallama. Da na san abin da zai biyo baya da na ce mu wuce tasha kai tsaye. Dattijon ya tara abokan sana'arsa, ya ce a nuna musu shi. Ta buɗe, hoton ya fito tas, ga shi ga hulunansa, aka yi ta sa albarka. Sai ya ce ta karanta abin da aka rubuta a ƙasan hoton. Ta karanta: wani mai wankin hula a Fagge.

"Wani?" in ji shi. "Amarya, tun kafin a haifi ubanki nake rumfar nan. Ni ne wani?"

Ba wanda ya yi dariya, har mai tarin nan. Na buɗe baki zan yi bayanin ƙa'ida, na ga ba wurinta ba ne, na rufe. Sai dattijon ya tambaye ta ko hakan zai sa ta ci jarrabawar. Ta ce in sha Allah. Ya ce to a bar shi a wani.

Mun iso Katsina lafiya, direban dawowa mai natsuwa ne, motar kuma tsit. Lahadi na wuni ina leƙa shafin kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Safiyar Litinin na buɗe, jan tambarin ya ɓace, maƙalar na nan da ranta. Na yi hamdala.

Tafiyar nan ta koya mini in riƙa gaya wa ɗalibai tun ranar farko cewa zumunci ba ya ceton maƙala, kuma in daina ba da lambar sirri ina kallon titi. Ta kuma nuna mini yawan mutanenmu da ba wanda ya taɓa zama ya rubuta su, har ya zama sai jika ta cire kakanta kafin a yarda da ita. Ƙa'idar tana da gaskiyarta, na ji dattijon da kunnena yana ƙara gishiri. Amma ba ta hana ni jin nauyi ba.

Da za mu bar rumfar ranar nan dattijon ya naɗe wata hula a takarda ya ba ni, ya ce in kai wa maigidana tsaraba. Na yi godiya, na ce zan gaya masa daga hannun wa ta fito. Ya ce ba sai na wahala ba, in ce masa wani ne ya wanke.