Giwar da Ta Tare wa Kaka Rana

Kaka ba ta taɓa yarda da agogo ba. A flat ɗinmu na saman bene a unguwar Ardwick, can ƙasar Turawa, taga ɗaya ce ke kallon yamma, kuma a gabanta take wuni tun da gwiwoyinta suka ƙi matakala. Nan take shanya kuɓewa da tattasai, nan take ganin duniya. Dokarta ɗaya ce: ba a tatsuniya da rana, mai yi zai ɓata a hanya. Sai ta ga rana ta faɗa bayan tsohon filin ƙwallo da idonta, sannan ta ce, "Maigidana, kunna mana wutar nan." Ni ne maigidan, ɗan shekara tara, majina har baki. In kunna hita, ni da ƙanwata Rahila mu naɗe a gabanta.

Tatsuniyar ƙadangaru muka fi so. Wai suna da dutsen da suke shan hantsi, sai giwa ta zo ta tsaya ƙiƙam, ta tare musu rana. Suka kai ƙara gun zaki. Zaki ya ce, "Na ji, ku dawo gobe." Suka gyaɗa kai. Gobe ma haka, jibi ma haka. Can wata 'yar tururuwa ta shige hancin giwa, giwa ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. A nan Kaka kan cafke hancin Rahila, mu yi ta ƙyalƙyala.

Shekarar da aka rufe laburaren unguwa, takarda ta zo daga council, hukumar gari: za a gina wa ɗaliban jami'a wani shirgegen bene a filin ƙwallon. Unguwa ta tashi. Mama, duk gajiyar aikin jinya, ta bi gida-gida tana tara sa hannu. Kaka ta shafa wa babban yatsanta tawadar biro ta dangwala, kamar ranar zaɓe. A wurin taro aka nuna musu hoton ginin, ga bishiyoyi, ga rana ta ko'ina. Wani mai taye ya ce an ji kokensu. Mama ta dawo ta yi jifa da jaka, ko abinci ba ta ci ba.

Gini na hawa, ina tambaya, "Kaka, ina tururuwar?"

"Tana hanya, maigida. Ƙafarta ƙanana ne."

Da aka gama, tun azahar ɗakin ke yin duhu. Kuɓewa ta yi funfuna. Rahila, sakarai, har da tsalle. "Kaka, ai dare ya yi, fara mana!"

Kaka ta daɗe tana kallon bangon gilashin sabon benen. "Wannan ba dare ba ne, yarinya. Inuwar wani ce. Ni ban ga rana ta faɗi ba."

Ba ta ƙara yi mana ko ɗaya ba. A kujerarta ta gaban tagar nan ta rasu bayan shekara biyu, fitila a kunne da tsakar rana. Har yau abin na ci mini rai.

Yanzu bas nake tuƙawa, kullum sai na bi ta gindin benen. Na daɗe da zargin cewa Kaka ce ta ƙara tururuwar nan don mu yara, tunda ga ƙadangaru can har yanzu suna gyaɗa kai. Rannan 'yata ta matsa sai na yi mata tatsuniya. Na kai wurin zaki, sai na tsaya.

"Baba, sai me ya faru?"

Na ce mata, "Na ji. Ki bari sai gobe."