Ranar da Aka Nuna Mani Bayan Idona

Ku matso, 'ya'yana da jikokina, ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ban san baƙi ba balle boko, faɗa nike ana rubuta maku.

Shekarun baya, idona na dama ya riƙa yi mani wani ciwo mai tafiya ya dawo. Ya yi jajawur, ya yi ta zugi, in na fito tsakar gida rana ta soke ni kamar ƙaya. Kowa ya ce afolo ne. In ya lafa in manta, in ya tashi in ɗaura ƙyalle in shige ɗaki.

Sai wata safiya na dubi turken lantarkin ƙofar gidanmu a Ƙofar Ƙaura, na ga ya lanƙwashe a tsakiya. Na dubi zanen dardumata, layukan suna tafiyar maciji. Na rufe idon dama, komai ya miƙe. Na buɗe, duniya ta sake karkacewa.

Tun rasuwar maigidana, ƙanena ne ke tsaye a kan al'amurana. Da na faɗa mashi, bai ko zauna ba.

"Yaya, yanar ido ce. Wane tsoho ne ba ya yin ta? Akwai wani mutum da ke zuwa daga ƙauye, allura kawai zai sa ya ture ta. Kafin ki gama salati kin ga gari."

Aminiyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ita kuwa idonta ya yi fari. Aka shirya a yi mana tare ranar Juma'a. Na amsa. Ni kuwa in na amsa, ba na janyewa.

Ɗiyata ba ta yi gardama da kawunta ba, ta san ba za ta ci ba. Sai ta durƙusa ta ce, "Inna, na yarda. Amma ki bari a ɗauki hoton idon tukuna."

Da na ji hoto, na rambaɗa kwalli, na ɗauko mayafina na zuwa biki. A asibiti abin da ma'aikaciyar ta fara yi shi ne ta miƙo mani auduga tana danne dariya. "Hajiya, a goge kwalliyar nan. Ba wajen muke so ba, cikin muke so."

Aka ɗiga mani magani, na zauna har gani ya ƙara dusashewa. Aka ce in ɗora haɓa a kan wata na'ura, in kafa ido a kan ɗan haske, kada in ƙifta. Ina ta karanto addu'a, ina jiran zafi. Ba abin da ya taɓa ni.

Likita ya juyo da allon na'urar wajena. Abin da na gani kamar gaɓar rafi da ruwa ya zaftare, ƙasa hawa-hawa.

"Mama, wannan bangon can bayan idonki ne, inda gani ke sauka. Ga na hagu."

Shimfiɗe yake sumul, da ɗan gurbi a tsakiya kamar an danna yatsa a tuwo. Ya kawo na dama. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Gurbin babu. Wurin ya kumbura, ya tattare, ga wani siririn farin layi kwance a kai, irin fatar da kunu ke yi in ya huce. Likita ya ce jan idon nan da nike ta yi kumburi ne daga ciki, shi ya haifar da wannan fatar, ita kuma take jan wurin tana yamutsa shi. Shi ya sa miƙaƙƙen abu ke lanƙwashe mani.

Na daɗe ina kallo. Idona tun haihuwa, ashe yana da ɗaki a ciki ban sani ba. Sai na ce, "To ɗana, ita ce mai allura zai ture ranar Juma'a?"

Ya saki abin da ke hannunshi. "Wace allura?"

Ɗiyata ta faɗa mashi. Ya nuna mani da yatsa, a hankali. Abin da masu allura ke turewa nan gaba yake, bakin ƙofa, kuma nawa garau yake. Ciwona yana can ƙurya, inda allurarsu ba ta kaiwa.

"Abin nan na gaba mai lafiya zai tura ciki, Mama, a kan ido mai kumburi. Ba na zaton za ki sake gani da shi."

Na yi ta salati. Sai da aka ba ni ruwa.

Ranar Juma'a ƙanena ya yi sallama, baƙon mai allura na zaure. Na ce ba zan fito ba.

"Yaya, kunya za ki ba ni gaban mutane? Ke da bakinki kika amsa!"

"Na amsa ban gani ba. Yanzu na gani. Ka ba shi haƙuri."

Na zagaya wurin aminiyata, na roƙe ta ta bi ni asibiti. Ta yi dariya ta ce, "Ke dai an nuna maki majigi kin tsorata." Aka yi mata.

Har yau abin bai bar raina ba. Ba mugunta ce ta kusa raba ni da idona ba, ƙauna ce, da zaton duk duhun idon tsoho iri ɗaya ne.

Ƙanena ya yi fushi, ya ɗauke ƙafa har sai da azumi ya zo ya sasanta mu. Ɗiyata tana Kambarawa da iyalinta, ita ke kai ni ana sake hoton lokaci-lokaci. Baƙon ban sake jin ɗuriyarshi ba. Ni kuma an kwantar da kumburin da magani, fatar tana nan ba ta ƙaru ba, likita ya ce a bar ta tukuna. Aminiyata ta ga haske na ɗan lokaci, har aka yi guɗa, sannan idon ya tashi da ciwo ya mutu. Ɗayan ma ya yi rauni. Yanzu in za mu gidan suna ko gaisuwa, hannuna take riƙewa, ni ke faɗa mata inda kwata take.