Malam Halliru, Mutumin da Ya Hana Ni Makullin Mota

Ranar Laraba, 14 ga Agusta, 2024, ina bakin aiki a Gagarawa Tasha matarka Hajiya Asama'u ta kira ni ta ce Allah Ya karɓi abinsa da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka sha jinya mai tsawo, Malam Halliru, yau ka huta.

Wanda bai san ka ba, kai ne jami'in da ke kula da motocin ƙaramar hukumarmu. Ni kuwa, Sajan Abdulfatah, ɗaya ne daga cikin 'yan sandan da ke tuƙa motar sintirin da ƙaramar hukumar ta ba ofishinmu aro. Ba da daɗi muka fara ba. Na zo karɓar motar, ka ƙi ba ni makulli. Ka ce inshorarta ta ƙare, kuma ita tsohuwar takardar ma, direbobin sakatariya kaɗai ta shafa, babu ɗan sanda a ciki. Na ɗaga murya na ce wa zai tare motar hukuma ya nemi takarda?

Ka dube ni ka ce, “Sajan, ba don mai tare ka nake yi ba. Don wanda za ka iya bugewa nake yi, da kai kanka.”

Kwana goma sha ɗaya motar tana ajiye a ƙarƙashin darbejiya. Ka karɓi lasisin kowannenmu, ka yi ta sintiri tsakanin ofisoshi har aka sabunta takardar da sunayenmu a ciki. A lokacin mun zage ka a bayan idonka, ba zan ɓoye ba.

Bayan wata biyar, ranar kasuwar Maigatari, taya ta fashe mini kusa da Ɗanzomo. Sitiyari ya ƙwace, na yi awon gaba da amalanken wani manomi mai suna Ilu. San nomansa ɗaya ya mutu nan take, shi kuma ƙafarsa ta karye gida biyu. Jama'a suka kewaye ni. Wani yana cewa ai ɗan sanda ne, an gama, talaka ba zai ga komai ba. Na zauna bakin hanya ina tunanin kakina da 'ya'yana huɗu da ɗan gidan da ban gama ginawa ba.

Kai ne ka iso a kan babur, da takardun a cikin leda. Ka bi Ilu asibitin Gumel, ka riƙe hannunsa ka ce, “Baba, kwantar da hankalinka, haƙƙinka ba zai salwanta ba.” Ka bi kamfanin inshorar da naci har aka ɗauki nauyin jinyarsa, aka maye masa sansa kafin damina ta faɗi. Ranar da ka sanar da ni an kammala komai, na fita bayan ofis na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba. Na zo neman gafararka, sai kawai ka tambaye ni ko an canza sauran tayoyin.

A wurin jana'izarka na ga Ilu. Da ƙafarsa ya tako tun daga tasha, ya kutsa cikin jama'a ya ce sai ya sa kafaɗa a makara. Muka ɗauke ka tare, shi a gaba, ni a baya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Asama'u, da 'ya'yanku Ummulkhair da Abdulsalam, da abokan aikinka. Allah Ya ba ku haƙuri. Ya Allah, Ka gafarta wa Malam Halliru, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Kamar yadda ya tsaya wa bayinKa a ranar firgici, Ka amintar da shi a ranar da ta fi kowace firgitarwa. Amin.