Mujiyar da Na Ce Na Gani

Shekara uku na yi ina kula da wata tsohuwar Baturiya a Brooklyn. In yi mata wanka, in dafa, in ba ta magani, sannan in kama jirgin ƙasa biyu in koma ɗakinmu a unguwar Highbridge ƙafafuna kamar ba nawa ba. Mama nake ce mata, don bakina ba zai iya kiran sunan sa'ar kakata gatsau ba.

Duk wahalar nan ba ta kai ta ranar Asabar ba. Ranar take sa in kai ta wata fadama a bakin teku, can kusa da filin jirgin sama, wadda aka killace saboda tsuntsaye kawai. Ba a harbi, ba a kamawa, ko hatsi ba a watsa musu. Kallo ne zalla. Ni da na tashi a gidan da tsuntsu ba ya wuce tukunya, sai na ce lallai in da ranka ka sha kallo.

Yanar ido ta dushe mata gani, don haka ni ce idonta. Sai ta rataya mini madubin hangen nesa ta hau tambaya. "Bakinsa dogo ne ko gajere? Ƙafarsa wane launi?" In faɗa, ita kuma ta kira sunansa: wannan zalɓe ne, wancan shahon da ke kamun kifi, waɗancan agwagin arewa ne. In za mu tafi sai ta tsaya a ofishin wurin ta rubuta abin da muka gani a wani babban littafi da kowa ke dubawa. Tun kafin a haife ni take rubutu a ciki, kuma ba a taɓa kama ta da kuskure ba.

'Yarta kuwa ta daɗe tana son kai ta gidan tsofaffi, wai hankalinta ya fara gushewa. Mama ta ce a gidanta za ta mutu. Kullum kan maganar nan suke faɗa a waya.

A sanyin shekarar ƙarshe sai ta kafe a kan farar mujiya, wadda ke saukowa daga ƙasashen ƙanƙara ba kowace shekara ba. Na ce, "Mujiya? A'uzubillahi! A garinmu in ta yi kuka a kan gida tsofaffi addu'a suke kamawa." Ta yi dariya har da tari. Ta ce sau ɗaya ta taɓa ganinta, tare da mijinta marigayi, kuma tana son ta ƙara ko sau ɗaya.

Asabar biyar muna zuwa, ba mujiya ba dalilinta. Ta shida iska kamar za ta yanke kunne. Na gaji, wallahi na gaji, yatsun ƙafata sun daina ji. Can sai ta damƙe hannuna ta nuna wani farin abu a kan rairayi.

"Duba mini can!"

Na ɗaga madubi. Farar jarka ce da ruwa ya turo.

"Ita ce ko?"

Mu an rene mu a kan cewa babba ba ya faɗin magana ka ce masa ba haka ba ne, marar lafiya kuma ba a yanke masa ƙauna. Kara ke nan. Amma kada in yi wa kaina ado, har da son in koma gida in ji ɗumi.

Na ce, "Ita ce, Mama."

"Idonta?"

"Rawaya." Ai ita ta sha gaya mini.

Ta yi hawaye. Ta rubuta a littafi da manyan baƙaƙe, ta sa hannu. Ni a zatona magana ta ƙare a nan, na faranta ran tsohuwa. Ashe in aka rubuta irin wannan tsuntsu, mutane daga ko'ina suke ɗebo madubai su zo. Kashegari suka yi cincirindo a cikin sanyi, suka tarar da jarka daidai inda ta kwatanta. Wani abokin kallonta, don tausayi, ya buga wa 'yarta waya ya ce Mama ta fara ganin abin da babu.

Ranar Litinin na tarar da 'yar a falo da takardun gidan tsofaffi. Ban ko cire rigar sanyi ba na ce laifina ne, hankalin Mama ƙalau yake, ni na ce mata mujiya ce.

"Ƙarya kika yi wa makauniya?"

Na so in bayyana mata kara, na nemi kalmar a Turanci na rasa. Ta ce to dai ko mahaifiyarta ta ruɗe, ko mai kula da ita ba abin yarda ba ce, duk biyun hanya ɗaya suka nuna. Ta sa hannu a takardun.

Ranar da za a tafi da Mama ni na shirya mata kaya. Tana zaune a bakin gado. Sai da na rufe akwatin ƙarshe ta juyo wajen da take jin motsina.

"Da kin ce mini jarka ce, ai da mun yi dariya mun dawo wani makon."

Na durƙusa na ɗaure mata igiyar takalmi, don mota na jira a waje.