Gashin Suna a Ambulan

Mun tashi da asuba daga Zing, mu bakwai a ƙaramar mota, doya ta cika but har ba ya rufuwa. Kowa na kukan tsadar mai, ni ina dafe da aljihu. Ambulan ce a ciki, da gashin da wanzami ya aske wa ɗana ranar suna, shekara shida ke nan.

Bari in faɗi laifina. Yaron ya zo da gashi mai laushi, nawa kuwa kamar soson ƙarfe. Na saurari 'yan gulma, na saki uwarsa, ta koma Iware gidan iyayenta da goyo. Ban taɓa leƙa su ba.

Da hantsi muka shiga Jalingo. Mai keke ya sauke ni a wani ɗakin gwaji a Sarkin Dawaki, inda aka ce suna aika gashi Abuja a gano uban yaro. Ma'aikaciyar ta buɗe ambulan, ta dube ni.

"Baba, ai wannan askakke ne. Gashin da ke waje matacce ne, kamar bakin farce. Rai yana cikin saiwa, ƙarƙashin fata, can ake samun gadon uwa da uba. Sai an tsigo da saiwarsa. Laushin kuma yana iya zuwa daga kakanni. Ina yaron?"

Na mayar da ambulan aljihu, na fita. Na sayi masa a tasha na ci ni kaɗai, ban ji ɗanɗanonta ba, na hau motar Iware. Gonakin masara dama da hagu, shanu suna tsallaka titi yadda suka ga dama, direba na yi musu faɗa da Fulatanci.

A Iware, kakar yaron ce ta fito da shi zaure. Ta ce, "Gai da baƙo."

Ya durƙusa. "Sannu da zuwa, Malam."

Na ɗora hannu a kansa, na ji ɗumi. Sili ɗaya kawai nake bukata. Sai ya ɗago ya ce, "Malam, ƙwarƙwata kake nema? Inna ta duba jiya, babu."

Na janye hannuna ban tsigi komai ba. Uwarsa ba ta fito ba. Kakar ta ce in gafara nake nema, in dawo da manyana, na ce to.

La'asar sakaliya na iso gida, ba wanda ya yi mini sannu da zuwa. Abin da tafiyar ta koya mini bai da yawa. Shekara shida ina adana matacce a akwati, mai ran kuwa yana Iware yana ce mini Malam.