Gem Ɗin da Na Kai wa Yayana a Sulay

Mun tashi da asuba daga Dammam ranar Juma'ar da ta wuce, ni da abokin aikina, wani mutumin Gombe mai gyaran wuta. Riyadh muka nufa, kuma ba yawon buɗe ido ne ya kai mu ba. Yayana direba ne a wani sito da ke unguwar Sulay a can. Wata biyu ke nan da hawan jini ya taɓa masa hannun hagu. Da aka sallame shi daga asibiti likita ya ce ya dinga motsa yatsu kullum, har ƙwallon roba aka ba shi ya riƙa matsawa, shi kuwa ya wurga ta ƙarƙashin gado. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya yi kirki, ya ce zai jira shi, amma in hannun bai dawo ba ba za a sabunta masa iƙama ba, wato takardar izinin zama, ga iyali a gida sun dogara da shi. Duk sanda na kira sai ya ce, “Lafiya lau,” ya kashe waya.

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne gem. Muna yara a Gusau babanmu ya dawo daga aikin Hajji da wata na'urar wasa mai launin ja da fari, wadda ake jona wa talabijin. Duk unguwarmu babu wanda ya taɓa cin Yaya a kanta. Na ce bari in nemo irinta.

Jirgin ƙasa muka hau. Bayan Hufuf, inda gonakin dabino suka yi kore shar, sai rairayi ja iya ganinka, can nesa raƙuma suna tafiyarsu babu mai kora. Abokina ya sayi shayi da burodi a cikin jirgin, da ya ji kuɗin ya ce da a Gombe ne da ya ciyar da layinsu gaba ɗaya. Wajen awa huɗu muka yi kafin mu sauka.

A unguwar Al-Oud muka yi sallar Juma'a, kusa da Batha. Ana fitowa daga masallaci na ji Hausa ta ko'ina, wannan yana tambayar labarin Kano, wancan yana cigiyar mai tafiya gida ya ba shi saƙo. Muka shiga wani ɗan gidan abinci muka ci mandi na kaza, shinkafar tana ƙanshin hayaƙi, muka kora da laban, wato nono, mai sanyi. Wani ɗan Katsina da muka zauna faranti ɗaya da shi ne ya ce mu tafi haraj, wato kasuwar gwanjo, bayan La'asar.

Haraj kam sai wanda ya gani. Tsoffin firji, dardumai, tukwanen gahawa, rediyo irin ta kakanninmu, kowa yana ihun “Ashara, ashara!”, wato kuɗinsa goma ne. Mun kusa fid da rai sai muka iske wani dattijo ɗan Yaman a ƙaramin shago cike da kaset-kaset na gem. Na nuna masa hoto a waya. Ya yi murmushi, ya ɗauko wata daga saman kanta, farin jikinta ya koma kalar madarar shanu saboda tsufa.

Kafin mu yi ciniki sai da ya zuba mana shayi ya ba mu tarihi. Ya ce kamfanin Japan ɗin da ya ƙera ta da karta ya fara, shekaru masu yawa kafin a san talabijin. A farkon shekarun tamanin ya fito da wannan don iyali su yi wasa a gida, ba sai yara sun je shagon gem ba. Ya nuna mana fad ɗin guda biyu, wato abin dannawa, wayarsu a manne take da jikin na'urar ba ta cira, na biyun har da 'yar makirfo. Da za a kai ta Amurka sai aka sauya mata siffa, ta koma akwati mai ruwan toka. Nan ƙasar kuwa kwamfutar iyali ake ce mata.

Na ce ai tamu wayarta tana cira, kuma kaset ɗinmu ɗaya an rubuta wasanni ɗaruruwa a jikinsa. Dattijo ya yi dariya har ya riƙe ciki. “Ya akhi, taku kwaikwayo ce! Wasa goma ne ake ta maimaita muku da sabon suna.” Wato duk alfaharin da muka yi a unguwa, a kan jabu muka yi shi. Abokina bai bar ni da wannan magana ba har muka bar kasuwar. Na taya, dattijo ya ce ahir kalam, wato babu ragi, na ƙara kaɗan, ya ce halas, shi ke nan, ya haɗa mini da kaset ɗin tankokin yaƙi.

Muka ɗauki tasi zuwa Sulay, ta cikin manyan motoci da sito-sito da garejin walda. Yaya yana kwance a ɗakin da suke su huɗu, ya rame. Ya dube ni ya ce, “Wa ya ce ka zo?” Na buɗe leda. Ya daɗe yana kallon na'urar.

Ɗoki ya sa na kama waya zan soka a bango, abokina ya cafke mini hannu. Ashe wutar Japan ba ta kai rabin ta nan ba, da na jona da ta ƙone nan take. Ya fita, ya samo ƙaramar taransifoma a shagon maƙota, ya haɗa komai. Hoto ya ƙi fitowa. Sai ji muka yi daga kan gado Yaya ya ce, “Kai, cire kaset ɗin ka hura shi mana.” Na hura, na mayar, kiɗan nan ya tashi.

Madannin tuƙi yana gefen hagu, daidai babban yatsan da ya ƙi motsi. Da farko tankarsa sai karo take da bango. Ya ciji leɓe, gumi ya keto masa. Na rage hannu don ya samu, ya gane, ya daka mini tsawa: “Kada ka raina ni, yi wasanka!” A zagaye na biyar tankarsa ta juya, ta zagayo ta bayan abokan gaba ta harbe biyu a jere. 'Yan ɗakinsu, wani ɗan Sudan da 'yan Bangladesh biyu, suka ɗauki tafi. Yaya ya yi dariya har da hawaye. Bayan Magariba da kansa ya ce a sayo kabsa, wato shinkafa da nama, ya ci da yawa.

Washegari da hantsi muka kamo hanya, na bar masa na'urar. La'asar ta yi mana a Dammam. Ban ce hannun ya warke ba, da sauran aiki, kuma ranar Talata zai koma wurin likita. Amma tafiyar nan ta nuna mini cewa wata biyu na yi ina yi wa Yaya nasiha ta waya, alhali abin da yake bukata shi ne mutum ya zo ya zauna kusa da shi. Jiya shi ya kira ni da kansa. Ya ce ɗan Sudan ɗin ya fara iyawa, in yi sauri in dawo kafin a ƙwace mini matsayi na biyu.