Maganin da ta ɓoye wa majo

Bayan da Allah ya karɓi autanmu, mai ɗakina ta daina zama matar da na sani. Barci ya ƙaurace mata, abinci sai an yi da gaske, ko suna ake yi a maƙwabta sai ta ja ƙyaure ta kwanta. Na yi mata rubutu ta sha, na roƙi Allah iyakar abin da ya sanar da ni, daga baya na kai ta Maraɗi wurin likitan masu ciwon damuwa. Ya ba ta ƙwaya guda kowace safiya, ya ce kada ta daina sai da saninsa. Sannu a hankali ta dawo, har na koma jin dariyarta a bakin turmi.

Amma ta ɗaure ni da alkawari. A ƙauyenmu, wanda aka ji ya taka wannan sashe na asibiti sunansa mahaukaci, kuma sunan yakan bi ɗiyansa mata har ɗakunan mazansu. Don haka da mun karɓo maganin sai ta ƙone kwalin, ta tura ƙwayoyin cikin matashin kai. In za mu Maraɗi sai mu ce awon ido za a yi mata.

Da kaka, ina can wajen Gidan Amumune wurin ta'aziyya, ta faɗo daga amalanken harawa ta bugu a ƙugu. Mijin ɗiyarmu ta fari, wanda ke kabu-kabu, shi ya ɗauke ta a moto zuwa likita, wato ƙaramin asibiti, a Urafan. Tsakaninta da shi akwai kunya mai nauyi: ba ta kiran sunansa, ba ta cin ko goro a gabansa. Majo, wato babban ma'aikacin likitar, ya rubuta mata tiramol saboda zafin ciwon.

Da na dawo na iske ta tana zufa alhali safiya ce mai sanyi. Ta miƙo mini ruwa, na ga kwanon na rawa a hannunta har ruwan ya zuba. Matan gida suka ce masassara ce, wata tsohuwa ta ce iskar gona ce ta shafe ta inda ta faɗi. Washegari abin ya ƙaru. Ta kasa zama wuri guda, ciki ya ɓaci, ƙafafunta suna zabura da kansu kamar na akuyar da aka yanka. Na kama wuyan hannunta na ji jini na gudu.

Na jira ɗakin ya zama daga ni sai ita.

"Da majo ya ba ki wannan, kin gaya mishi kina shan na Maraɗi?"

"Ya tambaya ko ina shan wani abu. Na ce a'a."

"Don mi?"

"Malam, yaron nan na tsaye bakin ƙofa riƙe da takalmana. Sai in buɗe baki in ce mi? Ka taɓa jin suruka ta kwance zanenta gaban suruki?"

"To, in su biyun ne ba su shiri fa?"

"Kai da ko harafin boko ba ka sani ba, yau ka zama dokta?" Ta so ta yi dariya, haƙoranta suka kama kaɗawa. "Ka yi mini alkawari. Ka tuna."

Na fita na zauna gindin itacen bedi da tasbaha, amma ban san abin da nake ja ba. Ni dai ban san komai game da magungunan nasara ba. Abin da na sani shi ne ta daɗe tana shan na farko lafiya lau, kuma mutane da yawa sun sha na biyu ban ga sun yi haka ba. Alkawari kaya ne, na sha faɗa wa mutane haka a zaure. Amma rai ma amana ne. Ina cikin wannan saƙe-saƙe ɗiyarmu ta fito ta ce innarta ta kira ta da sunan ƙanwar ita innar da ta rasu tun tuni.

Na shiga na zaro ƙwayoyin daga matashi, na haɗa da na majo na sa a aljihu. Muka hau moto mu uku zuwa Urafan, surukina a gaba, ita a tsakiya, ni a baya ina tallafe da ita. Yashi ya yi ta jan ƙafar moton, zafin jikinta yana ratsa rigata.

Ɗakin majo ƙarami ne, kuma sai da surukina ya kama muka kwantar da ita. Na so ya fita, amma majo ya ce ya riƙe mata ƙafa. Ya tambaye ni abin da ta ci da abin da ta sha. Na dubi fuskarta, idonta a buɗe amma ba ni take kallo ba. Na ciro ƙwayoyin na miƙa.

Majo ya juya bayan takardar da ƙwayoyin ke ciki ya karanta, ya ɗago. "Baba Malam, wannan ai maganin damuwa ne, na likitan ƙwaƙwalwa. Tun yaushe take sha?"

Na faɗa masa. Surukina bai ɗago kai ba.

"Da na sani da ban ba ta tiramol ba," in ji majo. "Su biyun in sun haɗu suna iya tada jiki haka, har mutum ya yi farfaɗiya. Tasawa za ku yanzu."

A asibitin Tasawa aka yi mata ƙarin ruwa da allura, aka tsayar da magungunan duka biyu, aka ce mu jira. Na yi sallolina a baranda, kowace sallama sai in leƙa ta taga in ga ko ƙafar ta daina zabura. Da jikin ya lafa, dokta ya yi waya da likitanta na Maraɗi, suka shirya yadda za ta koma kan nata, aka ba ta wani maganin ƙugu dabam. Ya ce mini duk inda za a rubuta mata magani, ko na mura ne, a nuna na farkon tukuna, kuma kada mu daina ko mu sauya wani da kanmu.

Ranar da ta fara shan kunu da hannunta, ta tambaye ni ba tare da ta dube ni ba.

"Yaron nan ya ji?"

"Ya ji."

Ta ajiye ludayin, ta juya wa bango fuska. Har muka koma gida ba ta ce mini komai ba sai abin da ya zama dole.

Da safe surukin ya zo gaisuwa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa nesa da ƙofa yadda ya saba.

"Inna, ina kwana? Ya ƙugun?"

Can daga cikin ɗaki ta ce, "Da sauƙi. A gaida mutanen gida."

Ya tashi ya tafi. Ban san ko ya gaya wa matarsa ba, ban kuma tambaya ba. Har yau in wata mace ta shigo gidanmu ta daɗe tana gaisuwa, nakan ga mai ɗakina tana karantar fuskarta.